Harshen Ɗanasabe

Iliya ya riga ya tayar da babur, Ɗanasabe ya ɗaga ƙafa zai hau ke nan, sai ga Ummaru mai gonar fadama a guje, da kwalba a hannu.

“Alhaji! Alhaji, don Allah tsaya!”

“Wane Alhaji?” in ji Iliya. “Mutumin da ko a Kaduna bai taɓa kwana ba? Ku bari likita ta sa hannu tukuna.”

Ɗanasabe ya bushe da dariya har yana dukan bayan abokinsa. Tun ranar da sunansa ya fito cikin maniyyatan bana bakin nan nasa bai rufu ba. An ɗebi jininsa makon jiya, yau kuma ranar karɓar sakamako ce a asibiti a Funtua. Likita na sa hannu a takarda, to saura jaka, saura jirgi. Shi ya sa tun da sassafe ya sha sabuwar shadda ruwan ƙwai, ya kafa hula, ya fesa turare har awakin gidan suna atishawa.

Ummaru ya miƙo kwalbar yana haki. “Maganin ciyawa ne, jiya na sayo a Danja. Zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Taɓa min shi kafin ka wuce.”

To, wannan ita ce baiwar da aka san Ɗanasabe da ita tun daga Maska har Mahuta. Shekara ashirin da biyu yana goya tankin feshi a gonakin mutane. Da jabun magani ya cika kasuwa, ruwa da kala kawai a kwalba mai kyau, sai ya zama shi kaɗai ke iya rarrabewa. Ba da ido ba, ba da hanci ba. Da harshe.

Ya zari tsinken tsintsiya, ya tsoma, ya ɗiga a kan harshensa, ya lumshe ido. Kowa ya yi tsit, har babur ɗin Iliya ya kashe. Can ya tofar.

“Yana cizo a gefe, ɗacin ya kai maƙogwaro. Na gaske ne. Je ka fesa abinka.”

“Allah ya bar mana kai!” in ji Ummaru.

Kafin ya rufe baki, matar Ɗanasabe, Laraba, ta fito da gwangwanin madara da cokalin manja, kamar kullum.

“Ungo, Baban Rashida, sha kafin ya sauka ciki. Kuma ka nuna wa likita ƙafar nan, ka ji? Safa a wannan zafin, wa kake ruɗi?”

“Ke dai ki tanadi guɗa,” ya ce, ya kurɓe madarar, ya lashe manjan, ya haye.

Kai, hanyar nan ta sha surutu! Ɗanasabe yana baya yana lissafa saƙon mutane: wannan tana son darduma, wancan agogo, 'yarsa Rashida kuwa abaya mai duwatsu. Shi kansa haƙorin Makka zai sa, guda ɗaya, a sama ta dama.

“Ni fa?” in ji Iliya. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, shi yana zuwa coci, Ɗanasabe masallaci, ba su taɓa rabuwa ba sai a ƙofar ibada.

“Kai ma? Me Kirista zai yi da tsarabar Makka?”

“Dabino bai san addini ba. Zamzam ɗin ma ba na ƙi.”

Daga nan Ɗanasabe ya buɗe murya yana bitar Labbaika, yana yi yana karkacewa, masu keke suna waiwaye. Iliya ya ce in ya yi wannan muryar a can, Larabawa za su maido shi a jirgin farko.

A asibiti layin maniyyata ya kai bakin bishiyar darbejiya. Duk wanda ya fito yana kaɗa takarda sai a ɗauki “Barka! Barka!” Ɗanasabe ya kasa zama. Da aka kira sunansa ya jawo Iliya, wai shi ya iya karanta Turanci.

Likitar yarinya ce ƙarama da tabarau. Yewande sunanta, 'yar Baba Quadri mai sayar da kayan babur a bakin tasha. A Funtua aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Bakatsiniya. Ɗanasabe ya ciro farin goro babba ya ajiye mata a tebur.

“Ga na sa hannu, Likita.”

Ta yi murmushi. “Na gode, Baba.” Ta buɗe takardarsa, biro a hannu. Ta duba, ta sake dubawa. “Baba, wace sana'a kake yi?”

“Feshi.”

“Feshi kawai?” Iliya ya karɓe, yana buga ƙirji kamar shi ake yabo. “Likita, ba ki san wanda ke gabanki ba. Wannan harshensa ya fi injin Turawa! Ɗigo ɗaya zai sa a baki ya gaya miki na gaske ne ko jabu. Ko yau da safe sai da ya taɓa wani.”

Yewande ta ajiye biro a hankali.

“A baki?”

“Ina tofarwa ai,” in ji Ɗanasabe. “Kuma ina bi da madara da manja.”

Ta sa ya fiddo harshe, ta haska da tocila: gyambuna ƙanana farare a gefe da gefe. Ta tambaye shi zazzaɓi, ya ce kusan duk wata sai ya kwanta, amma ai kowa haka yake. Ta kalli safar nan, ta ce ya cire. Ciwon da karan masara ya ji masa tun kaka yana nan, wata biyar, bai rufe ba.

Sai ta ɗauki goron ta miƙa masa. “Baba, fasa min shi, ka ɓantari gefe ka ajiye a nan.”

Ya ɓantara. Cikin fari sol.

“Bar shi nan, mu yi hira. Ka san murhu in ana girki yana tartsatsi? Jikin mutum ma haka yake. Iskar da muke shaƙa da ita jiki ke ƙona abinci ya samu ƙarfi, kuma dole a samu ɗan tartsatsi. Allah ya sa mana masu kashe shi a jiki, suna bi suna kashewa, ba ma ko sani. Amma maganin nan in ya shiga, ta harshe, ta fata, ta hanci, aikinsa ke nan: ya hura tartsatsin ya yi yawa, har ya fi ƙarfin masu kashewa. Da haka yake ƙona ciyawa. Bai san bambancin ciyawa da hanta ba.”

“Hanta kuma?”

“Ita da ƙoda ke tace duk abin da ya shiga jini, don haka su ke fara shan wuya. Suna lalacewa kaɗan-kaɗan, ba ciwo, ba ƙara. Sojojin da ke cikin jininka masu yaƙi da cuta su ma tartsatsin yana cin su. Shi ya sa zazzaɓi ya maida kai gidansa, shi ya sa ƙafar nan ta ƙi rufewa. Dubi goronka.”

Ɗanasabe ya duba. Inda ya ɓantara ya rine, ya yi ja-ja mai duhu kamar tsatsa.

“Ba wanda ya taɓa shi,” ta ce. “Iska ce kawai ta same shi ba kariya. Irin wannan ke faruwa a cikinka shekara da shekaru.”

“To madarar fa? Manjan fa?”

“Abinci ne masu kyau, Baba. Amma ba sa wanke guba.”

Iliya ya cire hularsa ya rasa inda zai ajiye ta. Ɗanasabe kuwa takardar kawai yake kallo, wurin da aka bari don sa hannu.

“Likita, 'yata, gaya min gaskiya. Na tafi ko ban tafi ba?”

“Yau ba zan sa hannu ba. Can akwai zafin da ya fi namu, ga tafiyar ƙafa, ga tarin mutanen duniya kowa da murarsa. Da wannan jinin, in na tura ka ban yi maka adalci ba.” Ta ɗaga yatsa kafin ya yi magana. “Amma ban ce ba za ka tafi ba. Jirginku sai nan da wata biyu. Hanta tana da haƙuri, in aka daina dukanta tana gyara kanta. Ƙoda ba ta kai ta haƙuri ba, amma taka ba ta kai inda ba a dawowa ba. Ka ba ni mako biyar. Ba feshi, ba ɗanɗano, ko ɗigo. Ka sha ruwa sosai, ka sha maganin da zan rubuta, a riƙa wanke ƙafar nan. Ka ci zogale, tumatir, gwanda, lemo, suna taimaka wa masu kashe tartsatsin. Sai mu sake gwaji. Ban yi maka alkawari ba, amma ina da kyakkyawan zato.”

“Zogale?” Ya yamutsa fuska. “Abincin mata da awaki?”

“Shi fa. Amma ko ka cinye zogalen Funtua kaf, in tsinke ya sake hawa harshen nan, mun koma farko.”

Ya miƙe, ya ɗauki goron da ya rine ya jefa a aljihu. A bakin ƙofa maniyyata suka taso da “Barka!” Ya ɗaga musu hannu kawai.

“Mako biyar ai kamar gobe ne,” in ji Iliya suna tafiya. “Laifina ne, da na yi shiru...”

“Da ka yi shiru da a Makka zan faɗi. Tayar mu je kasuwa, Mannir na jirana.”

Mannir dillalin maganin feshi ne, kuma tun makon jiya ya yi shela cewa sabon kaya ya iso, Ɗanasabe da kansa zai zo ya tabbatar. Suna shan kwana suka hango taron: manoma sun fi ashirin, an ajiye kujerar roba a inuwa, ga kwali a buɗe, ga tsinke sabo a kan faranti kamar wani kayan biki.

“Ga Alhaji nan! A ba shi hanya!”

“Harshe mai gaskiya!”

“Alhaji, an sa hannu?”

Mannir ya tare shi hannu bibbiyu, ya zaunar da shi, ya buɗe kwalba, ya miƙa tsinke. Wani dattijo daga Mahuta ya matso ya ce tun hantsi yake zaune, ba zai sayi ko kwalba ɗaya ba sai ya ji daga bakin Ɗanasabe, don bara jabu ya sa ciyawa ta cinye masa waken soya.

Ɗanasabe ya karɓi tsinken. Wallahi hannunsa da kansa ya tsoma shi, don sabo. Ɗigon ya taru a baki, kore shar, yana rawa. Ɗigo ɗaya ne. Likita ba ta nan. Ga mutane sun zuba masa ido irin kallon da ya fi so a duniya.

Ɗaya hannun nasa yana cikin aljihu, yana juya goro.

Ya miƙe tsaye da tsinken.

“Jama'a, ba a sa hannu ba. Likita ta ce abin nan da nake taɓa muku ya ci min hanta, ya taɓa ƙoda. Ta ba ni mako biyar. Mannir, ina ciyawa a nan kusa?”

“Ciyawa? A bazara?”

“Bayan shagonka, inda ruwan famfo ke kwanciya.”

Ya wuce gaba, taron ya bi shi duu, kowa yana tambayar na kusa da shi. Ga ta nan kuwa, kore shar a bakin kwata. Ɗanasabe ya nuna ta da tsinken.

“Wa aka yi maganin nan don ya kashe, ni ko ita?”

“Ita!” wani ya amsa daga baya.

“To ita za ta ɗanɗana. Mannir, haɗa a tanki ka fesa daga nan zuwa nan, ka bar can. Kwana uku, kowa ya zo ya gani da idonsa. In ta ƙone na gaske ne, in tana nan tana dariya ka san abin da ka sayo.”

“Kwana uku!” in ji dattijon Mahuta.

“Baba, ruwa ya sauka ne? Ina kake sauri?”

Aka kwashe da dariya. Mannir ya sungumi tanki, Ɗanasabe ya daka masa tsawa: “Da hannunka haka? Ina kwalin safar hannu da abin rufe hancin nan da ke ƙarƙashin teburinka tun shekara uku, ɓeraye na haihuwa a ciki?” Mannir ya koma ya kakkaɓo su. Da ya fito a rufe kamar mai shiga ɗakin tiyata, ihu da tafi har masu tumatir suka taso kallo. Ɗanasabe yana tsaye can nesa, ta inda iska ba ta biyowa, yana ba da umarni da ƙarfi, muryarsa ta dawo daidai.

La'asar sakaliya suka isa gida Maska. Laraba tana ƙofar gida da maƙwabta mata uku, sun riƙe hanci, guɗa na bakinsu. A hannunta ga gwangwanin madara, ga cokalin manja, don ta san daga wurin Mannir yake.

“A yi?” ta tambaya.

“Ku ajiye ta, kada ta huce. Nan da mako biyar nake sonta.” Ya ture cokalin a hankali. “A wurin Mannir ban taɓa komai ba. Wannan bishiyar taki ta bayan ɗaki tana da ganye?”

“Zogalen? Wanda ka ce in sare?”

“Shi. Yi min kwaɗo, ki cika kwano.”

Laraba ta dubi Iliya. Iliya ya dubi sama.

Da aka kawo, Ɗanasabe ya zauna a tabarma, ya miƙe ƙafar mai ciwo ba safa, ya ajiye goron nan da ya rine a gefen kwano. Ya kai loma ta farko, ya lumshe ido, ya juya ta a harshe. Matan suka yi tsit kamar yadda manoma ke yi.

“Yaya?” in ji Iliya. “Na gaske ne ko jabu?”

Ɗanasabe ya haɗiye da ƙyar, hawaye a idonsa.

“Na gaske ne,” ya ce. “Ƙaro min.”