Takardun da Gwaggo Ta Gada

"Sake karanta min wurin nan," in ji tsohon birkila, yana jawo kujerarsa kusa da teburin.

Gwaggo ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a kan layin da ke cikin tsohon littafin. "Shekarar da kogi ya cinye gada. An karɓe gonar bakin fadama daga hannun Mai-sa-ɗaya saboda bai cika buhunan haya ba. An riƙe san nomansa."

"Babana ke nan. Ashe har a takarda haka suke kiransa." Tsohon ya yi dariya. "Mun sha ba jikokinmu labarin, suna cewa tsufa ne. To ga shi da tawada."

Mutanen da ke zaune a kan benci a tsohon garejin gidan suka kasa kunne. Yawancinsu abin da ya kawo su ke nan. Daga bakin kogi har inda tashar mota take yanzu, duk gonakin gidan su Gwaggo ne a da, kuma kakanta da mahaifinta ba su yarda da baki ba, komai sai magatakarda ya rubuta. Wa ya karɓi gona, me ya noma, yaushe fari suka sauka, yaushe aka tashi kasuwa daga gindin tudu, wa ya mutu ya bar marayu. Tarihin yankin kaf yana cikin akwatunan ƙarfen da ke jere a bayanta.

Ranar rabon gado, maza suka kwashe gonaki da shaguna, gidan ya faɗa hannun babban wansu. Da aka zo kan akwatunan kowa ya kau da kai. "A ba malamar makaranta, dama ita ce mai son takarda," in ji wani, aka kwashe da dariya, lauya ya rubuta. Ita kuwa da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta dawo ɗakin baya na gidan, sai ta buɗe akwatunan. Yanzu kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ƙarar mota ta katse ta. Yaya ne, babban wan nan nasu, da a-kori-kura a bayansa da lebura biyu. Ya tsaya a bakin garejin yana kallon mutanen kamar ya tarar da awaki a falonsa.

"Ke ba kya jin kunya? Kin buɗe ƙofa kina tallar asirin gidanmu kamar tumatir."

"Sannu da zuwa, Yaya. Wane asiri? Abin da rabin gari suka sani tun kafin a haife mu?"

"Wata mai zuwa za a buɗe makarantar da na gina da sunan Baba. An buga ɗan littafin tarihinsa. Ke kuma kina nan kina zubar masa da mutunci." Ya juya ga leburorin. "Ku kwashe su. Sito za a kai, a adana."

"Siton da gara ta cinye wa ƙofa? Kada wanda ya taɓa min kaya."

Leburorin suka tsaya suna sosa ƙeya.

Yaya ya sassauta murya. "Baba ya haƙa rijiyoyi. Ya gina ɗakin haihuwa na asibiti. Me ya hana ki karanta wannan?"

"Ina karantawa. Jiya na karanta wa wata mata yadda ya kai uwarta asibiti a motarsa, ya zauna har aka fito da ita. Ta yi kuka, na yi kuka. Ni ma ubana ne, Yaya, kuma ina sonsa. Amma ba zan karanta shafi ɗaya in tsallake ɗaya ba. Ba ni na riƙe san mutumin nan ba, ba ni na sa aka rubuta ba."

"Haka kika ce?"

"Haka na ce."

"To, akwatuna naki ne, ban musa ba. Gida kuma nawa ne. Ko su shiga motar nan, ko ki fita da su, ke ma ki bi su."

Maganar ta dake ta, babu amfanin ɓoyewa. Ta haura sittin, gwiwoyinta sun fara yi mata gardama, fanshonta ba ya ganin tsakiyar wata. 'Yarta ɗaya ce, tana zaune a ciki da falo da miji da yara, ko tabarma sai an ɗaga tebur ake shimfiɗawa. A ɗakin bayan nan aka haife ta, kuma a nan ta sa ran za ta mutu. Tsoro ya kama ta sosai, sai kuma haushi ya taso ya danne shi. Wato da makwanci za a saye bakinta?

Ta ɗauki wayarta ta kira shugabar laburaren gari, wadda ta daɗe tana roƙonta takardun.

"Ɗakin nan da kika ce, yana nan?"

"Yana nan, Gwaggo, har da kantoci. Kowa zai iya zuwa ya duba. Sai dai motarmu tun bara take wurin bakanike."

"Ki buɗe ƙofa kawai."

Ta miƙe, ta kama hannun akwatin farko ta ja. Ko gezau. Ta sake ja, ya yi ƙara a kan siminti ya matsa kaɗan, bayanta ya amsa. Yaya ya yi murmushi.

"Laburaren yana bayan kasuwa fa. A haka za ki kai?"

"Ko zan kai baɗi, zan kai."

Wata mai ɗinki da ta zo neman sunan kakarta ce ta fara tashi. Ta cire ɗankwalinta na sama, ta naɗe shi gammo. "Kama min, maƙwabci," ta ce wa mai gyaran rediyo da ke gefenta. Kafin ka ce kwabo benci ya zama wayam. Masu ƙarfi suka ɗauka a ka, wasu biyu-biyu, wani ya ruga waje ya dawo da baro. Tsohon birkila, da ba ya iya ɗaga bulo yanzu, ya rungumi littafin da aka karanta masa, ya shige gaba.

Yaya ya riga su zuwa bakin get, ya tsaya a tsakiya, fuskar nan kamar hadari.

Tsohon ya tsaya a gabansa, ya ɗan rusuna. "Ranka ya daɗe, a ɗan ba mu hanya. Iyayenmu sun yi shekara da shekaru suna shigo da kaya gidan nan a ka, ba wanda ya taɓa tare su. Yau ɗaya dai mu fita da wani abu."

Yaya ya dubi layin mutanen, ya dubi titi, inda masu shaguna suka fara leƙowa. Ya matsa gefe.

Gwaggo ce ta ƙarshe. Ta kwance makullin ɗakinta daga bakin zani, ta miƙa masa. Bai karɓa ba, sai ta ajiye a kan motarsa.

"Ina za ki kwana?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Ita ma ba ta sani ba. Ta fita titi tana ɗingishi, ta ɗaga murya.

"Kai mai baro, a hankali da wancan! Gindinsa ya yi tsatsa."