Ranar da Kamyon Alhaji Hamani Ya Tsaya

Duk Gaya babu wanda bai san Alhaji Hamani direba ba. Shekara arba'in yana jan kamyo tsakanin Kwatano da Gaya, bai taɓa zama a lakkwal ya yi boko ba, amma ya binne abokan aikinsa goma sha ɗaya, shi ko ƙwarzane babu. Abin da ya fi tinƙaho da shi guda ne: motarsa ba ta taɓa mutuwa a hanya ba. Ko sau ɗaya.

Ƴarsa Ikilima ce ta zo ta ƙara masa baki. Ƴar gaba ce mai cin raga. Ta buga ƙwallo a Faraku, ta buga a Kwatano, ta haye har Maroko. Da can Alhaji ya sha korarta daga fili da bulala, amma yanzu cewa yake ƙafar tasa ce ta gada.

Da aka so sa ta cikin ekip ɗin ƙwallon ƙasa, sai ta iso gida tare da wani ma'aikaci daga Yamai, Mushe Alasan, don a tabbatar ƴar Nijar ce. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ƴan fada, abokan hirarsa, suka cika.

"Alhaji, takardar haihuwarta muke so," in ji Mushe.

"Guda nawa?"

Ya buɗe akwati ya zaro uku. Ɗaya ta ce a Gaya aka haife ta, ɗaya Malanbil, ɗaya Kamba, kowane gari ƙasarsa daban. Shekarun ma kowace da nata.

"Mutumin iyaka ke nan! Duk shingen da ka je, ka miƙa wadda ake so."

Ikilima ta dafe kai. "Baba, ka kashe ni."

Mushe ya rufe dosiyen takardunsa. "In ba a san inda aka haife ta ba, ba za ta sa rigar ƙasa ba. Jibi ake rufe sunaye. Tsakani da Allah, ina ne?"

Alhaji ya gyara zama ya ɗauko labarin da kowa ya haddace: uwarta na naƙuda a gaban mota, shi yana sheƙa gudu, yarinya ta faɗo a tsakiyar gadar Malanbil cif, ko birki bai taka ba.

"Tsakiyar gada ba ƙasar kowa ba ce," in ji Mushe, yana laluben takalmansa.

"Baba, don Allah," in ji Ikilima. "Shekara tara nake jiran wannan kira."

Alhaji ya dubi ƴarsa, ya dubi ƴan fada. Can gefe ga Mutari makanike, tsoho kamarsa, ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Alhaji ya yi gyaran murya.

"To... ba mu kai gadar ba."

"Me ya hana, Alhaji?" wani ya tambaya, da daɗi a muryarsa.

"Motar ta ɗan... huta. A bakin kasuwar Gaya."

Mutari ya yi tsalle kamar ba mai ciwon gwiwa ba. "Huta? Kwana uku ina ƙarƙashinta! Jakai suka ja ta zuwa garejina! Shekara ashirin da huɗu ya sa ni rantsuwa, maganar nan har ta kusa zama mini ƙari a ciki!"

Fada ta kece da dariya. Aka aika aka kira ungozomar da ta yanke cibi, ta shaida. Mushe ya karɓi takardar Gaya, ya ce a jefa sauran biyun a murhu.

Ikilima ta durƙusa gaban ubanta. "Na gode, Baba."

"Tashi, ke," ya ce, bai dubi kowa ba. "Ki tafi ki ci musu uku. Ni da kunyar da na sha yau, ɗaya ba za ta ishe ni ba."