Taron Da Bai Hau Jirgi Ba

Da birni ya yi ta miƙe ƙafa har ya cinye gonakin bayan gari, sai aka kafa wa sabuwar unguwar 'yar tashar jirgin ƙasa. Tasha dai a suna: rumfar kwano, benci biyu, da famfon da bai taɓa ɗigo ba. Amma ga matar wani tela a unguwar, rumfar nan ita ce ran mijinta. Ana yi masa wankin ƙoda a babban asibiti, kuma a jirgi kaɗai yake iya miƙewa, kansa bisa cinyarta. A mota kuwa, rami ɗaya ya isa ya sa shi amai.

Ba a je ko'ina ba motocin haya suka shigo, suna ɗaukar mutum a ƙofar gidansa. Tasha ta koma wurin shanya.

Rannan shugaban tasha ya ja matar tela gefe. "Yaya, ranar Litinin za a turo mai dubawa. In ya ga ba mutane, rufewa za a yi."

Ta bi gida-gida tana roƙo, har da gidan mai wankin kayan da suka shekara ba sa ga-maciji. Kowa ya ce ai tela namu ne.

Wallahi sun cika alkawari. Ranar Litinin ko wurin sa ƙafa babu, kowa ya ci ado. Jirgi ya tsaya, aka tallabi tela aka shigar da shi, aka ja da baya ana ɗaga hannu, ana Allah ya ƙara sauƙi. Kaico! "Ku zo tasha" ta ce musu, ba ta ce su hau ba. Ta taga ta hango mai dubawa ya leƙa taragun da ba kowa, ya girgiza kai. Ta yi ta yafito su da hannu, su kuwa suka ƙara ɗaga nasu.

Kafin wata ya ƙare an kwance kwanon rumfar.

Suka koma bin mota, kullum ya dawo a galabaice da wahala, ko ruwa ba ya iya sha. Wata safiya ta durƙusa za ta sa masa takalmi, ya janye ƙafarsa.

"Uwar yara, kar ki tsayar da mota. Na gaji."

Ta san abin da fashin wankin ƙoda ke nufi, shi ma ya sani. Ta zauna a ƙasa da takalmin a hannu, ta fashe da kuka.