Juyi Biyu na Ƙwaryar Fura

Ni ne ɗan farin Inna. Saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ba. In tana son ruwa, sai ta fuskanci bango ta ce, "A ce wa wancan ya kawo." Haka uwaye ke yi wa ɗan fari a Gangara.

Na dawo daga Turai bayan ƙanwata Hafiza ta buga mini waya cewa tunanin Inna ya fara gushewa. Na iske ta ƙarƙashin rumfa tana dama fura. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido.

"Maraba da baƙo! Zauna, zauna."

Nan na san ba ta gane ni ba.

"Jandarma ne kai? Irin wanga takalmi na soja!"

"A'a, Inna. Karatu nike."

"Da furfurarka? Lakol ɗin ba ta ƙarewa? Karatun mi?"

Na ce ina binciken elektaron, wata ƙwaya da ido ba ya gani. Ana cewa juyinta rabi ne: in aka juya ta sau ɗaya cif, ba ta komawa yadda take. Sai an juya sau biyu.

"Ƙaryarka ta sha ƙarya," in ji ta.

Na ɗora ƙwaryar furarta a tafin hannuna, na zagaya da ita ta ƙarƙashin hammata. Ƙwarya ta koma yadda ta fara, amma hannuna ya murɗe, gwiwarsa na kallon sama. Na ci gaba da juyin ta bisa kaina. Hannu ya warware. Na ce ilimin wannan shi ake kira topoloji: juyi ɗaya na barin murɗiyar da ba ta fita, na biyu ya fitar da ita.

Ta karɓe ƙwaryar ta gwada. Rabin furar ya zube a zanenta. Ta kama wuyan hannuna tana dariya har da hawaye. Ban tuna ranar da ta taɓa ni ba. Ban san tana da wushirya ba sai ranar.

Hafiza ta fito daga ɗaki, idonta jawur.

"Inna, don Allah ki duba da kyau. Wanga fa..."

Na ɗaga wa Hafiza hannu ta dakata. Likita ya ce wani lokaci tunani kan dawo in an tunatar da ita. In tunanin ya dawo, za ta ja mayafi ta juya mini baya. In bai dawo ba, uwata ba ta san ta haife ni ba.

Inna ba ta saki hannuna ba.

"Kai ɗan wa ne ma? Mi sunanka?"

"Hamisu," na ce, sunan da ba nawa ba.

Hafiza ta koma ɗaki.

"To Hamisu, sake yi in gani. A hankali wannan karon."

Na ɗauki ƙwaryar.