Baƙuwar Tsakar Rana a Ɗakin Goggo Baraka

…carbi kawai aka ce ta ɗauko. Carbi, Lauratu, ba a ce ki tsaya kina ƙare wa bango kallo ba. Yana rataye a ƙusa, in ji Goggo Baraka, hannun dama in an shiga. To ga hannun dama, ga ƙusa — babu carbi. Ina ya… Oho. Ga shi can cikin ƙaramar tasa a kan taga, an rufe shi da faifai don kada ƙura ta hau shi. Ita ta sa shi can, wancan zuwan ko na gabansa.

Ɗakin shiru, kamar an toshe wa mutum kunne. Rana ta take tsaka, ko kaza ba ta motsi a Ruwan Godiya, kowa yana gona. A waje, gindin tsamiya, tsohuwar na zaune kan ƙullin kayanta, hannu naɗe da tsumma, tana jiran motar Sabuwa. Nata'ala, ɗan ƙaninta, yana kai da komo a bakin hanya. Shi ya tari Lauratu ɗazu, Landirobar ofis tana sauke ta ke nan, ko ƙurar zanenta ba ta karkaɗe ba. Wai Goggo ta gamu da iska. Wai yau za a kai ta gidan mai magani a Sabuwa.

Iska? Goggo Baraka? Matar da ta makance tun ba a haifi Lauratu ba, ta binne miji, ta zauna ɗakin nan ita kaɗai, tana tuƙa tuwonta, tana saƙa faifan da har Sheme ake cigiyarsu ranar kasuwa? Wadda in ka ba ta kwabo a madadin sisi za ta mayar maka tana dariya? Haba. In iska ce ke sa mutum haka, Allah ya kawo mana ita mu duka.

Amma gidan nan na Sabuwa… ta san shi. Aiki ya taɓa kai ta. Hayaƙi mai ɗaci, mari a ƙafa, wata mata ɗaure a turke tana ta rantsuwa lafiyarta ƙalau. A can wanda ya fi cewa lafiyarsa ƙalau shi aka fi ɗaurewa. Makauniya a tsakar gidan da ƙafarta ba ta sani ba, babu bangon da zai gaya mata inda take — wa zai nuna mata gabas? Ba za ta dawo ba. Zuciyar Lauratu ta gaya mata haka tun Nata'ala bai rufe baki ba, kuma tsoro ya kama ta. Shi kuwa har ya ce ɗakin zai yi kyau da zuba harawa.

Wai wani abu ne ke shigar wa Goggo ɗaki. Tun bara. Randa ta bar bakin ƙofa ta koma kusurwa. Tabarma ta juya. Gishiri ya koma inda daddawa take, daddawa ta ɓace ɗungum sai bayan kwanaki hannu ya ci karo da ita cikin rufaffen kwano. Ta yi shiru ba ta gaya wa kowa ba, sai ran nan da ta zura hannu cikin kwandon kaba, wuƙa ta tsarge mata tafi. Wuƙar da ke soke a jinka tun ran gini. Su Nata'ala sun yi gadi, ba su ga kowa ba. Ta ce ai ba da dare take zuwa ba, da rana tsaka ne. To ko aljana ce ko kan tsohuwa ne ya taɓu, in ji Nata'ala, duk dai maganin ɗaya ne.

Da rana tsaka… Tsikar jikinta ta tashi. Malama guda, mai takardar shaidar kwas daga Zariya, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta Faskari, ga ta tana waiwaye tana a'uziyya kamar yarinyar da aka aika bayan gari. Sau nawa ta kasance cikin ɗakin nan ita kaɗai, daidai wannan lokaci? Ashe abin na iya kasancewa a gefenta, yana kallonta tana shara, tana naɗe bargo, tana… Bayan randa duhu ne. Ba komai ba ne, inuwa ce. Inuwar randa ce, wadda ta ja da kyar zuwa can don rana na dukanta a bakin ƙofa, ruwa na ɗumi.

Wadda ta ja…

A'a. Tsaya. Randa kam ita ce, amma ai gyara ne. Ruwan sanyi ya fi. Ko likita zai ce haka. Kuma wuƙa a jinka, saitin kan mutum, in ta faɗo fa? Duk mai hankali zai sauke ta ya sa inda… inda kaba take, tunda da ita ake yankan kaban. Wannan ai tsari ne. Tsari aka koya musu.

Zariya. Ajin nan mai fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Malamarsu, doguwa mai tabarau, tana buga alli a tebur: naƙasasshe mutum ne mai mutunci, kada ki taimake shi yadda zai ji ya zama kaya. Lauratu ta riƙe wannan gam. Da ma haka Inna ke cewa, alherin da aka yi shela da shi ya zubar da rabin ladansa. Hannun dama ya bayar, hagu bai sani ba. Boko da gida suka haɗu a kan magana ɗaya, me ya rage? Sai ta samo dabararta, tana ma alfahari da ita. Ta sauka mota nesa kaɗan. Ta zagaya ta bayan danga, inda kara ya ɓalle. Goggo na can gindin tsamiya tana saƙa. Ta tuɓe takalmi don kada ƙwas-ƙwas ya tona ta, ta shige, ta share, ta kintsa, ta mai da komai inda ya kamata. Sannan ta fice yadda ta shigo, ta sa takalmi, ta zagayo ta ƙofar gida tana rangaɗa sallama. Goggo ba za ta ji kunyar an ga dattinta ba, ba sai ta yi godiya ba. Lada cikakke, ba tsaga.

Inda ya kamata. A wurin wa?

Kauce, shaiɗan. Ai tsohuwar na son ta. Ɗiyata take ce mata. Ko da aka kawo simintin gwamnati, shekarar da kuɗi suka yi ambaliya har kowane ofis na neman inda zai zuba su, wa ya tsaya kai da fata aka shafe wa Goggo daɓe? Ta yi godiya har da guɗa. Daga baya ne ta ce, cikin raha, wai tun da aka yi simintin ƙafafunta suka kurmance; da can akwai ɗan kwari kusa da gado, da ɗan tudu kafin murhu, su ke gaya mata inda ta kai. Lauratu ta yi dariya. Har ta ba da labarin a ofis, aka yi ta ƙyaƙyatawa, wai ƙafa ta kurmance.

Ƙwaurinta na zugi. Me ya… Zariya kuma. Ranar da aka ɗaure musu ido da ɗankwali, aka ce kowa ta ratsa aji daga allo zuwa ƙofa. Ta ƙirga benci da hannu, ta haddace, ta taho gabanta gaɗi — ƙum! Wata 'yar Kafancan ta ja benci ɗaya taku guda. Taku guda tak. Duniya ta kife. Ta tsaya cak, ba gaba ba baya, ajin da ta sani ya zama daji, zufa ta karyo mata, ta ji kamar wani na numfashi a ƙeyarta. Sai ta fizge ɗankwalin, haske ya dawo, aka yi dariya, aka tafi cin abinci. Ita ta fizge nata. Malamar ta faɗi wata magana bayan nan, tabbas ta faɗa, amma Lauratu na can tana murza ƙwauri.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowa ya san wannan, har yara.

Kuma ɗazu, gindin tsamiya, da ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta lalubo kanta da lafiyayyen hannun, ta jawo ta kusa, murya ƙasa-ƙasa don kada Nata'ala ya ji:

"Ban hwaɗa maki ba don kada ki tsorata, ɗiyata. Duk ranar da za ki zo, ita ka riga ki. Ba ta sallama, ba ta da takalmi. Yanzu har ƙamshin sabulunki ta ɗauka. Ke take bi, ta nan take biyo ki. In na tahi, ba ki ƙara zuwa garin nan, sai ta rabu da ke."

Ta ji maganar. Da kunnenta ta ji. Ta ce Allah ya tsare, Goggo, ta miƙe ta zo ɗauko carbi. Wace irin toshewar kai ce wannan? Ashe ba Nata'ala ne ya ci ƙarfinta ba. Da kanta ta ɗaure ƙullin. Za ta miƙa ƙafa a sa mata mari don kada aljana ta taɓa Lauratu. Hancin bai yi ƙarya ba, kunnen bai yi ƙarya ba, zuciyar ce ta ƙi yarda: ɗiyata ba za ta shigo mini ɗaki kamar ɓarauniya ba. Gara aljana.

Kunya. Ba tsoro ba ne yanzu, kunya ce, tana hawa daga tafin ƙafa kamar sanyin simintin nan.

Kowace yamma ki tambayi kanki, in ji mai tabarau, aikin da na yi yau, don wa na yi shi? Kullum tana tambaya, a bayan Landiroba, ana tsalle cikin ramukan hanyar Faskari. Kullum amsar na zuwa da wuri: don su. Ba ta taɓa jinkiri ba. Da ta yi jinkiri ko sau ɗaya… Da ta ce, Goggo, in matsar da randa? Magana nawa ce wannan? Garin gyaran gira…

Malam Almu na Ƙanƙara fa? Makahon nan mai igiya, da ya fara rufe ɗakinsa da kwaɗo, iyalinsa na cewa tsufa ya sa shi zargi. Wa yake zargi? Ita ta nemi matarsa ta riƙa ba ta makulli a ɓoye. Innalillahi. Kuma shugaban ofis ya ce bayan Salla za a tura ta Kaduna ƙarin kwas, ta dawo ta koya wa sababbin ma'aikata. Wai a kaf yankin babu ɗakin naƙasasshe mai tsafta kamar na Ruwan Godiya. Za ta tsaya gaban allo ke nan, ta haifi wasu aljanun, a raba su gari-gari, kowace da takalminta a hannu.

To ki fita ki faɗa. Fita mana. Ni ce, Goggo. Sai me? Nata'ala zai ce tausayi ne ya sa Malama ta ɗauki laifi, ya riga ya yi magana da mai magani. Ko ya yarda, gobe labari ya kai Faskari — wannan da sauƙi, Kaduna ta tafi, ta tafi. Amma fuskar tsohuwar… Shekara guda tana kwana da tsoro, tana tofa ayoyi a kusurwa huɗu, ta ce mata duk ni ce? Wa za ta ƙara kira ɗiyata? A bar mata aljanar, a ɗauke mata ɗaki. A mayar mata da ɗaki, a ɗauke mata… Wanne ya fi sauƙi, kuma ga wa? Ga wa, Lauratu? Kin ga, yau amsar ta ƙi zuwa.

A mayar da komai yadda yake, shi ke nan. Randa bakin ƙofa. Dama ko hagu? Gishiri… daddawa… Ta shekara tana sauya su, ba ta taɓa duban inda ta ɗauke su ba. Tana ganin inda ya kamata su koma ne kawai.

Me ke hannunta? Ludayi. Yaushe ta ɗauke shi? Bargo a naɗe, lafiyayyen naɗi, kusurwa ta haɗu da kusurwa, ɗazu kuwa a yashe yake. Ta dubi ƙasa. Ƙafafunta tsirara a kan siminti. Takalman na can bakin ƙofa, a jere, ba ta san lokacin da ta tuɓe su ba.

Ƙwas. Ƙwas. Sanda ce. Tana tahowa a hankali, tana taɓa danga, tana taɓa turmi. Inuwa ta toshe hasken ƙofa. Goggo Baraka ta tsaya a dokin ƙofar ɗakinta, ba ta shigo ba, ta karkata kai, hancinta na motsi. Can nesa, wajen hanya, mota ta yi ham, Nata'ala na ƙwala kira.

"Ɗiyata? Ke ce… ko ita ce?"

Ludayin na nan a hannunta, ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ta buɗe baki. Sallama ce ta zo mata kan harshe, ita kaɗai, babu wata kalma. Amma daga waje ake yin sallama… ita kuwa ta riga ta shiga.