Minti Huɗu

Shekara talatin da ɗaya mai gyaran agogo yana yin abu guda kowace safiya. Zai buɗe shago, ya goge tebur, ya kunna rediyo, ya riƙe babban agogonsa yana jira. Da zarar tashar ta buga ƙarar nan shida ta ƙarfe takwas, biyar gajeru ɗaya doguwa, sai ya saita shi. Daga wannan agogon yake saita duk wanda aka kawo masa, har da na bango goma sha biyu na makarantar sakandaren da ke ƙarshen layi. Ba ya duba waya. A wurinsa waya ta surutu ce, lokaci kuwa na rediyo ne.

Ranar Litinin sai ga shugabar makarantar ta faɗo shagon, ko zama ba ta yi ba.

"Malam, agogunanka duk sun yi baya da minti huɗu. Masu sa ido a jarrabawa sun zo da nasu, suka karɓe takardun yara alhali na bango yana nuna da saura. Yara na kuka, iyaye sun cika min ofis."

"Ranki ya daɗe, da rediyo na saita su."

"To ko kai ko rediyon, ɗaya ya yi ƙarya. Ka zo min da bayani ranar Laraba, in ba haka ba in nemi wani."

Kalmar ƙaryar nan ta tsaya masa a wuya. Mutumin da ba shi da gida na kansa, ba shi da mota, abin da ya tara a duniya kawai shi ne a ce agogon da ya taɓa ba ya kuskure. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana cin ransa: watannin nan babban agogon nasa ya ƙi jituwa da rediyo, yau ya wuce da biyu, gobe da biyar. Sau uku yana kwance shi yana wankewa, yana zargin tsufan ƙarfe.

Ya yi sa'a mijin 'yarsa ta fari shi ne injiniyan tashar. Washegari kafin sha biyun rana ya je, surukin ya fito ya tarbe shi yana ta kame-kame.

"Baba, ai da ka kira ni na zo."

"Na'urar lokaci na zo gani."

Da aka buɗe masa ɗakin sai da ya toshe hanci. Na'urar tana cikin wani akwatin ƙarfe, fuskarta baƙi ƙirin, babu ko fitila ɗaya mai haske. A samanta an ajiye kwanon abinci da ya yi funfuna, kyankyasai biyu suna shawagi a bakinsa, ɓera ya gaigaye wayoyin ya bar kashinsa a kai. Wannan ƙazantar ce wai ke karɓo lokaci daga tauraron ɗan'adam, ta buga ƙarar, ta kuma aika wa rediyon motoci su nuna a fuskarsu.

"Tun yaushe ta mutu?"

"Wata bakwai."

"To ƙarar da nake ji fa?"

Surukin ya nuna masa gilashin da ke tsakaninsu da ɗakin gabatarwa. Mai gabatar da shiri na zaune, ya ɗora ƙafafu a tebur, yana tsotsar ƙashin kaza, talla na ta tafiya. Agogon wayar surukin ya nuna sha biyu. Mutumin bai ko motsa ba. Minti ɗaya ya wuce, biyu, uku. Sai da ya gama da ƙashin, ya sakace haƙori da farce, ya lashe yatsa, sannan ya danna maɓalli da yatsan nan mai maiƙo. Ƙarar shida ta fito, wadda aka naɗa aka ajiye. Ya gyara murya, ya ce da cikakkiyar isa, "Ƙarfe goma sha biyu daidai."

Mai gyaran agogo ya kau da kai daga gilashin. Wata bakwai ke nan yana tsayuwa kowace safiya kamar soja, yana jiran wannan yatsan.

"Tir," ya ce a hankali. "Agogunan makaranta duk sun yi baya saboda ku. Ba ku kai rahoto ba?"

Surukin ya durƙusa a kan ƙazamin simintin. "Baba, ni na zubar da shayi a kan na'urar. Tun daga lokacin duk wata nake rubuta cewa lafiyarta ƙalau. In makarantar ta rubuto wa manaja, ranar za a kore ni. Ga 'yarka cikinta wata takwas. Ka rufa min asiri."

Ya dube shi daga sama har ƙasa. Bai ji tausayinsa ba ko kaɗan, ƙyama ya ji, irin wadda mutum ke ji in ya taka abu da ƙafa ba takalmi. Ya fice.

Ranar Laraba ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi makarantar. Shugabar ta ɗago daga takardunta.

"To, Malam, kai ne ko rediyon?"

Maganar na nan a bakinsa, a shirye tsaf, da kwanon da kyankyasan da komai. Ya haɗiye ta.

"Ni ne. Idona ya fara rauni."

Da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Sai ta sassauta murya, ta ce ai tsufa ba laifi ba ne, ya kamata ya huta haka nan, za ta gaya wa iyaye abin da ya faru. Sannan ta miƙo hannu. Ya zaro makullin akwatunan agogunan makarantar daga aljihu ya ba ta.

Da yamma 'yarsa ta kira shi, muryarta cike da murna.

"Baba, ashe ka je wurin aikinsu. Ka ga manyan na'urorin da yake kula da su?"

"Na gani," ya ce.