Murhun Manaja

Kun ga Habi a ƙofar gidan Manaja da kwano a hannu, ku da kuke zaune a gindin dalbejiya. Kun kuma ji mijinta Labbo ya daka mata tsawa, kuka kawar da kai.

"Ke Habi! Mi na a cikin kwanon ga?"

"Tuwon dusa na, Malam, da ɗan tahwasa."

"Dusa za ki kai ma mutumin da yas sai da mota dubu? Koma ciki, kak ki kunyata mu."

Ta koma. Shekara ta biyu ke nan sama ta hana ruwa a Sabon Birni. Duk da haka kowane gida na aika wa maƙwabci ɗan abin da ya dafa, yadda aka gada. Gidan Alhaji Sodangi, wato Manaja, kaɗai ake tsallakewa, wai don girmamawa.

Da gyaran mota ya fara a Sakkwato, har ya zama manajan ciniki a kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna. Rabin direbobin garin Isa shi ya tsaya musu suka sami mota. Da kayan haɗi suka daina shigowa, aka sallame shi. Ya dawo gida ba mata, ba ɗa, sai farar mota guda.

Kullum da hantsi yakan zauna kusa da ita cikin farar riga, yana sakace haƙori da tsinke.

"An karya, Alhaji?" Habi takan tambaya ta kan katanga.

"Na ci na ƙoshi, ɗiyata. Ba ki ga ina sakace ba?"

Ta ga sakacen. Ta ga kuma wuyan rigar yana ƙara masa faɗi. Tayoyin motar suka tafi ɗaya bayan ɗaya wurin masu amalanke, har ta koma kan bulo. 'Yan gindin dalbejiya suka ce ai sababbi ya yi oda daga Kaduna. Habi ta sake zuba tuwo sau biyu, sau biyu tana tuna muryar Labbo, ta juye wa 'ya'yanta.

Ranar Juma'a ba a ga Manaja a sahu ba. Bayan an sauko aka same shi a zaure, ya jingina da bango, hularsa daidai a kansa.

"Ajali na," in ji Labbo. "Manya da hawan jini."

Aka ce Habi ta shiga ta ɗora ruwan wankan gawa. Ta durƙusa gaban murhu da itace a hannu, ta kasa sa shi. Toka ta daskare kamar daɓe. Gizo-gizo ya yi saƙa daga dutse zuwa dutse, saƙar ma ta tsufa.

Akwai irinsa a layinku yau, da farar riga. Kada ku tsaya a gaisuwa. Ku yi sallama, ku wuce zaure, ku taɓa tokar murhunsa.